Shekarun Aro na Yaya Ɗanye

Yayana yana da wata irin fuska da ta ƙi tsufa, kuma ita ta ja mana abin kunyar da har yau in na tuna sai in ajiye ɗinkin da ke hannuna. Shekararsa hamsin da ɗaya, amma in ka gan shi ya duƙa a bayan firiji yana gyara, sai ka rantse bai kai talatin da biyar ba. Ba furfura ko ƙwaya ɗaya, kumatu sumul. Ni da nake ƙanwarsa an sha gaishe ni a matsayin babbar yayarsa, har wata marar ta-ido ta taɓa tambayata ko ɗana ne. Ban sake karɓar ɗinkinta ba.

Baba ne ya laƙaba masa Ɗanye tun yana saurayi, wai ya ƙi nuna. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin koyon gyaran firiji, ya bi shi har gidan aurensa.

Kada ka ɗauka abin ya yi masa daɗi. Da ya buɗe shagonsa, mutum zai kawo firiji, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ina maigidan naka?" In ya ce shi ne, sai a yi dariya a wuce shagon gaba, wurin wani mai sanƙo da bai kai shi iya aiki ba. Ranar da aka kira shi makarantar 'yarsa, shugabar ko kujera ba ta ba shi ba, ta ce ya koma ya turo mahaifin yarinyar. Ya gwada tara gashin baki, ya fito tsilli-tsilli, matarsa ta ce don Allah ya aske. Ya sayi tabarau marar magani don ya ƙara masa kwarjini, ya zama kamar ɗalibi mai ƙwazo. Ga shi mutum ne da bai iya musu ba. In ka taka ƙafarsa shi zai ba ka haƙuri. Ni kam sau nawa na yi faɗa a madadinsa, yana tsaye a bayana yana cewa in bari.

Wata rana aka kira shi gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani wuri a unguwar masu hali. Abin da zan faɗa yanzu ba mu san shi a lokacin ba, daga baya matarsa ta zauna ta warware mini shi tana kuka.

Wurin ƙal-ƙal, ƙasa kamar ka ga fuskarka, kujeru masu laushi, furannin roba a kowane lungu. A ɗakin ciki akwai wasu ƙarafa biyu dogaye, kamar tankin ruwa da aka kwantar, kowane da 'yar tagar gilashi. Tanki ma suke ce musu. Mutum zai kwanta a tura shi ciki a rufe, a matsa iskar oksijin, ya yi ta shaƙa har a buɗe shi. Mai wurin ba likita ba ne, farar riga kawai yake sawa, amma kowa Dakta yake ce masa. Ni dai Mai Farar Riga nake kiransa, kuma na yi masa mutunci da na tsaya a nan. Abin da yake gaya wa mutane shi ne, a cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wani zare da bakinsa ke cinyewa da shekaru, wannan cinyewar ita ce tsufa, kuma iskar tankinsa tana mai da bakin zaren sabo. Bakinsa kuwa kamar an shafa masa mai.

Yaya yana kan tsani yana kwance na'ura, sai wata mata cikin masu jira ta ce, "Samari, ka yi a hankali kar ka faɗo." Ya yi murmushi ya ce ai shi ya kai hamsin. Ɗakin ya ɗauki salati. Kafin a rufe baki Mai Farar Riga ya cafe, ya ce, "Ai shi ne mutum na farko da ya fara shiga tankinmu." Yaya bai taɓa ko leƙa tagar tankin ba. Amma bai musa ba, ya ci gaba da juya sukurudireba. Ranar aka ba shi aiki: ya riƙa kula da injinan wurin, in ba abin gyara kuma ya zauna a ɗakin jira a riƙa ganinsa.

Hamsin ba ta daɗe tana burge mutane ba. Mai Farar Riga ya mai da ita sittin, da ya ga ba wanda ya yi gardama sai ya ƙara. Aka tsaya a saba'in da uku. Aka ɗauki hotonsa yana dariya, aka buga shi ƙato, aka manna a bangon ɗakin jira da shekarun a ƙasa.

To mai saba'in da uku dole ya san zamanin da. Tsofaffin da ke zuwa suna son hira, su tambaye shi inda ya yi aiki, da abin da ya gani. Yaya ba shi da labari ko ɗaya, sai ya koma aro wurin Baba.

Baba a wurina yake tun rasuwar mahaifiyarmu. Shekararsa saba'in da shida, ya yi ƙuruciyarsa duka a masaƙa yana shaƙar ƙurar auduga, huhunsa ya gaji. Asibiti suka rubuta masa oksijin na gida. Akwai injin da ke gurnani a kusurwar ɗakinsa, da siririyar roba da ke shiga hancinsa, da 'yar silinda da muke ɗauka in za mu fita ko in an ɗauke wuta. In aka cire robar ya tashi zuwa banɗaki, kafin ya dawo leɓɓansa sun canza launi. Wannan iskar kam na ga aikinta da idona.

Sai ga Yaya ya fara yawan zuwa. Ya zauna a bakin gadon Baba, ya ce, "Baba, ba ni labarin masaƙa mana. Yaya kuke yi in zare ya tsinke?" Baba sai ya gyara zama, ya yi ta ba shi, yana tsayawa yana jan numfashi. Labarin ranar da injin ya kama masa hannun riga ya yi ta ja har sai da ya tuɓe rigar ya bar masa ita. Labarin Bature mai duba aiki da ke tsoron ɓera. Ina kicin ina jin dariyarsu, raina fes. Har Baba ya ce mini, "Kin gani, Ɗanye ya fara hankali, ya san darajar tsofaffi." Washegari Yaya zai je ya zazzage labarin a ɗakin jira da sunan nasa.

Zan faɗi gaskiya a kansa: ba don abin duniya kaɗai ya yi ba. Mutumin da aka raina tun tasowarsa, yau ga manya masu tumbi suna miƙe masa, suna ce masa "ranka ya daɗe", suna neman shawararsa. Matarsa ta ce a watannin nan har tafiyarsa ta canza. Ban ce ya kyauta ba. Na dai san inda abin ya kama shi.

Mu abin da muka sani kawai shi ne yana aiki a wurin da ake ba mutane oksijin. Wani maƙwabcinmu, tsohon direba, bakinsa ba ya shiru, shi ya ɓallo ruwan. Ya shigo gaida Baba ya ce, "Kai kuwa ɗanka yana aiki inda ake mai da tsoho yaro, kana nan kana fama da roba a hanci? Haba, ai ko ba ka biya ba sa duba ka."

Baba ya tambayi Yaya. Yaya ya ce injin ya lalace. Ya sake tambaya, ya ce layi ya yi yawa. Ya sake, ya ce mai wurin ya yi tafiya. Daga nan Baba bai ƙara tambaya ba, labarin masaƙa ma ya daina bayarwa, in Yaya ya zo sai ya ce barci yake ji. Wata safiya ina goge masa robar hancinsa ya ce, "Ke, gaya mini gaskiya. Kunyar a gan shi da ni yake ji, ko kuwa gani yake na riga na ƙare, asarar iska ce?" Wallahi sai da na fita tsakar gida na share hawaye.

Ranar asibiti, da yake na fara jin zancen tankin wurin da na zaren a bakin mutane, na tambayi likitar ƙirjin da ke duba shi, wata mata mai haƙuri da ba ta gajiya da tambayoyina. Ta ce tankin gaskiya ne, yana da aikinsa: wanda hayaƙin janareta ya sumar, ko mai ciwon suga da gyambonsa ya ƙi warkewa, ana sa su ciki kuma yana taimako. Ta ce zaren ma akwai shi. Da ta ji ni tela ce sai ta ce in ɗauke shi kamar kalmasar bakin zane, da ke cinyewa a hankali. An taɓa gwada tankin a kan wasu mutane kaɗan, aka auna jininsu aka ga kamar kalmasar ta ƙara tsawo. Amma ba a ajiye wasu a gefe da ba su shiga ba don a kwatanta, awon kansa yana rawa daga wannan gwaji zuwa wancan, kuma ba wanda ya bi mutanen ya ga ko sun fi sa'o'insu daɗewa a duniya. Sannan ta dube ni sosai ta ce, "Mai irin huhun Baba kuwa, matsin iskar nan zai iya fasa masa shi. Kada ki bari ya shiga."

Na kwashe duka na gaya wa Baba. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Likitoci ba sa son a je wani wuri. Kuma Ɗanye ba zai yi aiki a wurin ƙarya ba. Ni na haife shi."

Da muka koma asibiti karo na gaba, muna fitowa muka shiga tasi, sai kawai na ji Baba yana yi wa direba kwatancen wurin aikin Yaya. Ashe ya karɓo kwatancen wurin maƙwabcin nan. Na ce ba inda za mu. Ya ce to a tsaya ya sauka ya taka da ƙafa. Mutumin da ba ya iya kai wa bakin ƙofa! Ya ce ba zai shiga tanki ba, ya yi mini alkawari, so yake kawai ya ga ɗansa a wurin aikinsa, ya ga ko zai kore shi. Na yi masifa har direba ya waiwayo, Baba ko kallona bai yi ba. Haka muka tafi.

Muka shiga ina rungume da silinda, Baba yana dafe da kafaɗata. Hoton na fara gani. Na karanta abin da ke ƙasa, na sake karantawa. Na so in juya da Baba, amma ya riga ya ɗaga tabarau ya karanta shi ma. Ya sauke tabarau muka ƙarasa ciki.

Yaya yana zaune a tsakiya ya ba mu baya, tsofaffi sun kewaye shi. Muryarsa ma ya sauya ta, ya yi mata nauyi. Yana cewa, "Injin ya kama hannun rigar nan, yana ja ina ja, da na ga zai haɗa da ni sai na tuɓe na bar masa." Aka kwashe da dariya. Na ji yatsun Baba sun nutse a kafaɗata.

Wata tsohuwa mai sanda ce ta fara lura da mu. Ta dubi Baba, ta dubi Yaya, ta ce, "Ikon Allah, kama kamar an tsaga kara! Ranka ya daɗe, ɗan'uwanka ne wannan?"

Yaya ya waiwayo. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye haka ba. Ya miƙe tsaye. Baba yana tsaye yana jan numfashi, yana kallonsa, yana jira. Kalma ɗaya ce fa, "mahaifina", ko jariri ya iya makamanciyarta. Ni ma na tsaya ina jira, don a ganina ba ni ya kamata in faɗa ba.

Mai Farar Riga ya fito daga ɗakin ciki, ya dube mu sau ɗaya ya gane komai. Shegen wayo gare shi. Ya tafa hannu ya ce, "Jama'a, yau kun ga abin da nake gaya muku. Ƙanensa ne wannan, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara uku ya ba shi. Mun yi mun yi ya shiga tanki ya ƙi. To ku dubi wannan, ku dubi wannan."

Duk suka juya ga Yaya. Ya sunkuyar da kai, ya gyaɗa shi kaɗan. Na gani da idona.

Na ajiye silinda zan buɗe baki, don na riga na shirya wa mutumin nan zagin da zai kai wa jikokinsa, sai Baba ya damƙe wuyan hannuna da wani ƙarfi da ban san yana da saura ba. Ya saki kafaɗata, ya ɗan rusuna, ga roba a hanci, ya ce, "Yaya, ina wuni. Mun zo wucewa ne na ce bari in gaishe ka."

Kai! Da ƙasa ta tsage da na riga kowa shiga. Uban da ya haife mu, ya rusuna wa ɗansa a gaban baƙi. Yaya kuwa ya amsa. Can ƙasan maƙoshi ya ce, "Lafiya lau."

Aka ba Baba kujera. Mutane suka yi ta kallonsa suna girgiza kai, suna kallon robar, suna kallon hannuwansa, wani har ya ce, "Allah sarki, taurin kai bai yi ba." Tsohuwar nan mai sanda ta matso ta kama hannunsa tana yi masa magana a hankali, shi kuma yana gyaɗa kai. Ni ina tsaye a kansa fuskata kamar an watsa mini barkono, na rasa inda zan sa idona. Da numfashinsa ya daidaita ya ce mu tafi. Yaya bai raka mu ko bakin ƙofa ba.

Muka tari tasi muka kama hanya. Da muka isa gida Baba ya ƙi cin abinci, ya ce in kira masa Ɗanye.

Ya zo da yamma. Ya daɗe a tsakar gida kafin ya iya ɗaga labule. Ni ban gaishe shi ba, na bi shi ciki na tsaya a jikin bango, don ba zan bar Baba shi kaɗai da shi ba. Ya durƙusa a gaban gado, kansa a ƙasa.

Baba ya ce, "Tankin nan, da na shiga, zai rage mini wannan sarƙewar?"

"A'a, Baba. Illa ma zai yi maka."

"Su waɗancan fa? Ka ga wanda ya koma yaro?"

"Ban gani ba, Baba."

"Kai ka taɓa shiga?"

"Ban taɓa ba."

Baba ya jingina da matashi ya lumshe ido. Injin yana ta gurnaninsa. Can ya ce, "To na gode Allah. Ni duk zatona magani ne a hannunka ka hana ni." Yaya ya fashe da kuka, irin kukan da babba ke yi, marar daɗin ji. Ya fara cewa a yafe masa, zai bar aikin, ba zai sake taka wurin ba. Aikin kam ya bar shi, yanzu yana shagonsa. Amma Baba ya ɗaga hannu ya tsai da shi.

Ya ce, "Ba wannan na kira ka ba. Na ga kana nutsewa a gaban mutane na miƙa maka hannu, ban yi tunani ba. Ban taɓa yi wa sa'o'ina ƙarya ba sai yau. Matar nan mai sanda, ka san abin da ta ce mini? Ta ce mijinta ma ƙirji ne ke damunsa, irin nawa, da roba a hanci. Ta daɗe tana shakka, amma yau da ta gan ni ta yanke shawara, gobe da safe za ta kawo shi a sa shi a tanki kafin ya lalace kamar ni. Ni ta gani, Ɗanye. Hotonka ya daɗe a bango bai sa ta kawo shi ba."

Ya tsaya ya ja numfashi, ya ja, ya ja. Na matso zan ƙara masa iska ya girgiza kai.

Ya ce, "Gobe ka zo da mota da wuri, kafin su buɗe. Ka kai ni. Zan zauna a bakin ƙofa in jira ta, in gaya mata ni ubanka ne, in gaya mata abin da likita ta ce. Kai ba sai ka fito daga mota ba."

Na zuba wa Yaya ido. A raina ina cewa, faɗi mana, ce a'a Baba, ni zan je, kai ka kwanta ka huta. Na ga leɓɓansa suna motsi. Ya share fuska da hannun riga, ya ce, "To, Baba."

Da safe ya zo da mota, ya kai mu har bakin wurin, ya yi fakin a ƙarƙashin wata bishiya can gefe. Na fito da kujerar roba daga bayan mota, na zaunar da Baba a bakin ƙofa, na tsuguna kusa da shi ina riƙe da silinda. Muka jira har tasi ta sauke matar da mijinta, Baba ya ɗaga mata hannu ta taho tana murmushi. Na waiwaya sau ɗaya wajen bishiyar. Yaya yana ciki, ya ɗaga gilashi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Bai fito ba.